Shinkafar Muntaka

Duk wanda ya zauna a Karantina, unguwar mutanenmu a Jidda, a shekarun nan ya san Muntaka mai gyara, amma ba kowa ya san kurma ba ne. Ni na sani, don ni nake kai masa matattun kwamfutocin da kamfanoni suka zubar, yana cire abin da zai cire a jikinsu. Matarsa Zaituna ma ta sani. In ka cire mu biyu, sauran Jidda kallon mutum mai kawaici suke yi masa, wanda bakinsa ba ya rabo da tasbihi. Ba kawaici ba ne, tsoro ne. Iƙamarsa, wato takardar zamansa, tana hannun mai shagon da yake wa aiki, sunayen matarsa da 'ya'yansa mata biyu kuma suna rataye a jikin tasa. Ranar da aka gane mai gyaran sauti ba ya jin sauti, ranar zaman gidan gaba ɗaya ya ƙare.

Mutumin Gusau ne. Ya zo umara a farkon shekarun tamanin, jirgi ya koma ba da shi ba, kamar yadda ya koma ba da yawancinmu ba. Aikin da ya fara samu a unguwar masana'antu ta Jidda ne, a wata masana'antar gwangwani, inda injin yake dukan ƙarfe tun safe har magariba. Auduga yake cusawa a kunne, ita ma ran da ya tuna. Da ya bar wurin ya fito da 'yar ajiya da wani amo da ke kaɗa masa a ka, ya ɗauka gajiya ce za ta wuce.

Gyaran rediyo kuwa tun gida ya iya shi. Shi ya haɗa shi da Shehu Abdulwahid, wani dattijo da kakanninsa suka zo daga ƙasar Hausa a ƙafa, shi kuma aka haife shi a nan har ya samu takardar ɗan ƙasa. Yana da shagon rediyo da rikoda a unguwar Kurayyat. Ya ga hannun Muntaka ba ya rawa, dalmarsa kuma tana kwanciya sumul, sai ya riƙe shi. Da aka samu wata shekara da hukuma ta sassauta, ya tsaya masa ya zama kafilinsa, wato mai ɗaukar nauyin zamansa, ya samar masa iƙama. Da wannan takarda Muntaka ya auri Zaituna, da ita Mastura da Zakiya suka shiga makaranta suna rataye da jaka kamar 'ya'yan kowa. A Karantina, inda rabin lungu ke watsewa in an ga motar jawazat, masu kamen marasa takarda, wannan ba ƙaramin arziki ba ne.

Kunnen bai tafi rana ɗaya ba. Da farko kukan tsuntsu ne ya ɓace, sai muryar mata, sai kiran sallar masallacin da ke bayan gidansa. Kafin shagon ya juya daga rikoda zuwa kwamfuta, in ka yi masa magana daga baya kamar ka yi wa bango ne. Sai ya koyi dabarun ɓoyo. Ya juya teburinsa yana fuskantar ƙofa, ya kafa guntun madubi a gefen fitila don kada a zo masa ta baya. Leɓen mutum yake kallo, in ya kama zancen ya amsa, in bai kama ba ya ce "halas, insha Allahu," wato shi ke nan, kalmar da take shiga kowace magana a garin nan. Da aka kawo sababbin mitoci masu yin ƙara in waya ta haɗu, shi ya ƙi rabuwa da tsohuwar mitarsa mai allura, aka riƙa yi masa dariya ana cewa ɗan gargajiya ne.

Babbar dabarar ita ce shinkafa. Wata rana na shigo da kaya ta ƙofar baya na tarar da shi ya kwantar da wata 'yar lasifika rigingine a cikin aljihun tebur, ya barbaɗa mata ƙwayoyin shinkafa. In ya gama gyaran katin sauti sai ya jona ta, in ƙwayoyin suka yi tsalle, aiki ya yi. Haka yake gwada dama, ya gwada hagu. Da ya gan ni a madubi sai da fuskarsa ta yi fari fat. Bai roƙe ni komai ba, ni kuma na riƙe masa sirrin. Mutum mai furfura yana raɓe da ƙwayar shinkafa don 'ya'yansa su kwana a gida, abin ya tsaya mini a rai har yau.

Shehu Abdulwahid ya rasu, shago ya koma hannun ɗansa Abdulghaffar. Wannan yaro a kan cinyar Muntaka ya koyi riƙe sukurdireba, yana ce masa Ammi, wato baffa. Da ya zauna a kujerar ubansa sai Ammi ta faɗi, ya zama "ya Muntaka" kawai, kiran suna gatsal irin na Larabawa. Hausa yana jin ta sarai, amma ba ya son a ji ta a bakinsa a gaban abokansa. Burinsa ya sallami tsofaffin da ya gada, ya cike gurbinsu da samarin da suka yi makarantar kwamfuta. Akwai wani Garba, abokin teburin Muntaka, da hannunsa ya fara karkarwa. Abdulghaffar ya ba shi ƙaramin dunƙulen dalma ya ce ya narka a gaban masu sayayya, suna kallo tana ɗiga a wandonsa, kafin wata ya fita an buga masa fita ba dawowa. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, kuma Muntaka ya san da haka. Daga ranar ya ƙara sunkuyar da kai, ya fi kowa sammako.

A haka ya lallaɓa har shekarar da Hajiya Bashira, uwar Abdulghaffar, ta rasu. Zaman makoki a Jidda ba irin namu ba ne. Kwana uku ake yi, daga magariba zuwa isha'i. Ana tare titin ƙofar gida, a shimfiɗa darduma, a jera kujeru sahu-sahu, a rataya fitilu. 'Yan gida su tsaya a jere, mai ta'aziyya ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana dafa kafaɗa. Ba a hira, karatun Alƙur'ani ne kaɗai ke tashi daga lasifika. Hajiya kuwa ta bar wasiyya cewa kada a ɗauko mata wani makaranci, muryar mijinta take so a saka. Shehu ya taɓa ɗaukar karatunsa a kaset, da kaset ɗin suka fara cin zare Muntaka ne da kansa ya juye su cikin wata kwamfuta, tun kunnensa na hagu bai ida mutuwa ba. Kwamfutar tana nan a wani ɗaki na ƙasa, ta tsufa tukuf, jikoki ne suke wasa da ita.

Daren farko lafiya lau. Aka ja doguwar waya daga bayan kwamfutar, ta bi ta taga zuwa amfilifaya a titi, muryar Shehu ta cika unguwa, tsofaffi suna share hawaye. Rana ta biyu Juma'a ce. Da la'asar wani cikin masu jera kujeru ya yi tuntuɓe da wayar, ta fizge koren ramin nan da sauti ke fita ta cikinsa, wanda masu gyara ke kira jak. Sauti ya ɗauke ɗif. Katin irin na da ne, mai dogon baki, an daina sayar da shi, kasuwa kuma a rufe. Samarin shago suka leƙa suka ce sai dai a haƙura. Nan Abdulghaffar ya tuna yana da tsoho, ya aika a ɗauko shi.

Yadda aikin ya gudana, Muntaka ne ya ba ni labari daga baya. Ya buɗe akwatin, ya zaro katin, ya hure ƙurar da ta yi masa bargo. Jak ɗin ya tsage, ƙafafunsa sun tumɓuke daga allon, ɗaya har ta ɗago siririn layin tagullar da ke ƙarƙashinta. Ya jona kawiya, ƙarfen narka dalma, ya tsotse tsohuwar dalmar rami bayan rami har jak ɗin ya faɗo a tafinsa. A jakarsa akwai wani mataccen kati cikin waɗanda nake kai masa, ya ciro jak mai lafiya daga jikinsa ya zaunar a gurbin. Layin da ya yanke ya kankare shi da bakin reza har jan tagulla ya bayyana, ya ɗinke shi da silin waya ɗaya, siriri kamar gashi. Ya bi ƙafafun da mita, allura tana motsawa inda ya kamata. Ya ce mini a rayuwarsa bai taɓa yin dalmar da ta kai wannan kyau ba, don ji yake kamar Shehu yana tsaye a kansa.

Saura gwaji, kuma gwajinsa ba ya son ido. Ya tashi ya murza wa ƙofa makulli. Dalili biyu gare shi, kada wani ya sake taka wayar, kada kuma a gan shi da shinkafa. Ya mayar da katin, ya jona wayar titi, ya raba wa 'yar lasifikarsa reshe, ya barbaɗa ƙwayoyin. An idar da magariba ke nan, jama'a sun cika kujeru. Ya nemo karatun Shehu ya danna, ƙwayoyi suka soma rawa a hankali. Ya zauna a ƙasa ya jingina da bango, idonsa a kansu, yana bin surar a zuciyarsa.

Abin da bai sani ba, jikoki sun cika injin da tarkacensu, kuma in abu ɗaya ya ƙare na gaba yake tafiya da kansa. Ina cikin kujerun nan a sahun baya. Shehu ya kai ƙarshen sura, aka yi shiru kaɗan, sai ganga ta fashe. Waƙar biki ce, wadda aka ɗauka a wani aure, da tafi da guɗar mata. Guɗa a titi, a kan makokin uwa. Dattawa suka ɗago kai suna duban juna, wani limami ya miƙe yana salati, wasu samari a gefe suka cusa fuska cikin hirami kafaɗunsu na girgiza. Daga sashen mata aka ji kuka ya sake ɓarkewa.

Da an samu mai hankali ɗaya da ya zare wayar amfilifaya magana ta ƙare. Amma rikicewa ba ta bar kowa ya yi tunani ba, duk aka yi cikin gida. Aka riƙa dukan ƙofa da hannu da takalmi, ana kiran sunansa. Shi kuwa a ciki ya ga shinkafa tana tsalle har tana zubowa ƙasa, ya ɗauka Shehu ne ya kai inda yake ɗaga murya. Daɗi ya kama shi, ya miƙa hannu ya ƙara sautin don na ƙarshen titi su samu.

Da kafaɗa aka ɓalle ƙofar. Abdulghaffar ya shiga ya fizge wayar wuta daga bango. Muntaka ya ɗago da hawaye a fuska da murmushi, ya kira shi da alkunyarsa ya ce, "Ya tashi, ya Abu Faisal. Jak ɗin ya zauna, ba zai ƙara ba ku wahala ba."

Na yi zaton zai mare shi, kuma da marin ya fi sauƙi. Abdulghaffar ya dubi lasifikar, ya dubi shinkafar da ta warwatsu a darduma, ya dubi ƙofar da aka yi ta duka. Ba wawa ba ne. Ya kama kafaɗun tsohon ya juya shi yana fuskantar bango, ya tsaya a bayansa, a gaban duk wanda ya cika ɗakin da soro. Yau kam da Hausa ya yi magana, don kowa ya ji.

"Ya Muntaka, in kana ji na ka ɗaga hannu, wallahi na yafe maka." Ya jira. Muntaka yana tsaye kamar ɗalibin da aka sa fuskantar allo. "Ɗaga yatsa ɗaya bas, ɗaya tak, in sabunta maka iƙama, kai da 'ya'yanka." Ba abin da ya motsa. Sai ya juyo ga jama'a ya ce, "Kun gani. Shekara nawa yana cin abincin gidanmu da kunnen katako. Halas, khuruj niha'i, fita ba dawowa, shi da iyalinsa. Yalla, a share wannan shinkafar."

Haka aka yanke wa mutum hukuncin kora daga ƙasa a ƙeyarsa, kowa ya ji ban da shi. Da aka juyo da shi yana ta duban leɓuna yana neman wanda zai gaya masa abin da ya faru, kowa ya kawar da kai. A mota na fahimtar da shi, ina magana a hankali fuskata a tasa. Bai yi kuka ba. Tambaya ɗaya ya yi, ko karatun ya fita da kyau kafin gangar.

Mutanenmu ba su da dama in sun samu abin dariya. Kafin a share makoki labari ya zaga Karantina. Aka sa masa suna Mai Guɗa. In ya wuce, matasa su bi bayansa suna tafi, sun san ba zai waiwayo ba. Wani mai shayi ya riƙa watsa masa shinkafa a gaban ƙafa yana tambaya ko ta yi rawa. Waɗannan fa mutane ne da ya gyara wa rediyo kyauta, ya juye musu muryoyin iyayensu daga ruɓaɓɓun kaset. Dattawa sun je wa Abdulghaffar ban-baki, ya shayar da su gahawa, ya ce ba don waƙar ba ne, amana ce aka ci. Ƙarya yake yi, gurbin yake so, ga shi an kawo masa dalili har gida.

Muntaka ya karɓi abin a matsayin ƙaddara. Ya ce tun da tare za su tafi, da sauƙi. Yana da gidan gado a Gusau, zai kafa tebur a zaure, 'yan matan su ga dangin ubansu. Ya riƙa yawo yana sayen tsaraba, yana ɗaure akwatuna da igiya.

Sauran labarin daga bakin Rahamatu maƙwabciyarsu na ji shi, bayan komai ya wuce. Zaituna a goye aka zo da ita Jidda, ba ta san kowa a Gusau ba. Mastura da Zakiya da Larabci suke mafarki. Tun daren da labari ya iso gida uwar ta yanke cewa ba inda za su je, gara su ɓace cikin lungu ba takarda, kamar dubban da ke zaune haka. Wannan ban ga laifinta sosai ba, kowa ya san abin da yake iya ɗauka. Abin da ban yafe ba shi ne yadda aka yi. A gabansa aka shirya komai, a kan tabarmar cin abinci, da murya sama. Sai dai su ɗan sunkuyar da kai ko su kare baki da mayafi. Yana tsakiyarsu yana ɓare wa Zakiya lemo, suna tattauna ɗakin da za su koma da ranar da za a kwashe kayan kirki. Akwatunan da ya ɗaure da hannunsa, tsummokara aka cika su da su.

Rahamatu ta ce Mastura ta taɓa cewa a gaya masa, ko ba komai uba ne. Uwar ta amsa, tana zuba masa miya, "In ya sani zai ƙi tafiya, a zo a kwashe mu duka. Shi ya ɓoye wa duniya shekara da shekaru, mu ma mu ɓoye masa na wata ɗaya. Ci abincinki." Muntaka ya ga bakin 'yarsa yana rawa, ya shafa kanta ya ce kada ta damu, Gusau akwai sanyi da damina.

Bawa mai tasi ne ya kai su filin jirgi. Aka auna kaya, aka zo wurin bincike. Zaituna ta dube shi sosai don ya karanta leɓenta, ta ce, "Malam, ka yi gaba, mu ta wajen mata za mu bi." Ya ce su riƙe fasfo da kyau. Ya shiga layi, aka buga masa hatimi, ya wuce ƙofar da ba a dawowa ta cikinta. Su kuma suka juya, Bawa yana jiransu a waje da injin a kunne. Wani da ya shiga jirgin nan ya ce Muntaka ya ƙi zama, yana tsaye a kan kujeru uku yana hana kowa, yana cewa na iyalinsa ne, har sai da ma'aikata suka zaunar da shi suka ɗaura masa bel.

'Yan matan ba su koma makaranta ba. Mastura tana wanke-wanke a wani gida a arewacin gari, Zakiya tana tallan gyaɗa da uwarta a bakin masallaci, ido ɗaya a kan titi. Gurbin Muntaka wani saurayi aka ba, wanda ba ya gyara kati, sai dai ya zare ya jefar ya sa sabo.

Shekarar da na je gida na bi ta Gusau. Na same shi a zauren ƙaninsa, ya rame, ba tebur ba kawiya. Ƙanin ya ce mini Zaituna da 'yan matan suna bugo waya ran salla. In wayar ta yi ƙara shi yake ɗauka, su gaisa, sannan ya miƙa wa yayansa. Muntaka ya manna ta a kunne ya fara: ya tambayi Mastura karatu, ya ce wa Zakiya ta rage shan ƙanƙara, ya gaya wa Zaituna ya gyara rufin ɗakinsu, duk ran da suka shirya. Daga can ba sa daɗewa suke kashewa, don sun san ba ji yake ba. Shi kuwa yakan yi ta magana har shayinsa ya huce. Na tambayi ƙanin ko ya taɓa gaya masa. Ya ce ya gwada sau ɗaya, Muntaka ya ɗaga masa hannu ya ce ya yi shiru, yarinya tana magana.